Kwalabe Takwas a Ɗakin Alhaji Bubayaro

Unguwar Bolewa, Potiskum
Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kin isa Damagum lafiya, kuma mai jego da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya. Ki gaida mini 'yarki Basira, ki ce kawunta yana yi mata barka, ya kuma yafe mata ɗauke ki da ta yi har kwana arba'in, ko da yake ba da zuciya ɗaya ba.

Na ga saƙonnin murya goma sha ɗaya da kika turo. Ban saurari ko ɗaya ba. Wanda ya yi shekara talatin yana koyar da kimiyya a sakandare ya cancanci a rubuta masa. Gana direba yana zuwa Damagum kullum, ki riƙa ba shi takarda.

Ranar da kika miƙa mini makulli cewa kika yi, "Yaya, 'yan mata ne sha huɗu, ranar Asabar kawai, ka riƙe mini su har na dawo. Kimiyya ce, abinka ne." Ba ki gaya mini sunan shirin naku Kimiyya da Kiɗa ba. Da na shiga ɗakin da Alhaji Bubayaro ya ara muku a ƙofar gidansa, sai na tarar da kwalaben lemo takwas jere a kan benci, kowace da ruwanta, ga cokula biyu. Na ɗauka walima aka yi ba a kwashe kaya ba. Khairat, 'yar mai gidan, ita ta yi mini bayani cikin irin haƙurin da ake yi wa tsofaffi. Wai in an ƙwanƙwasa kwalba mai ruwa da yawa, muryarta kauri ce, mai ruwa kaɗan kuma siririya, in an jera su daidai sai waƙa ta fito. Na ce mata na san wannan tun ba a haifi uwarta ba. Ta ce, "To Malam, daidaita mana ta biyar, ta ɓata." Na yi minti ashirin ban daidaita ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Jiya da muka tashi Alhaji ya tare ni a ƙofa. Ya ce shi don kimiyya ya ba da ɗaki, don Khairat ta zama likita. Ranar Laraba kuwa a kara, gaban dillalan shanu, wani ya tambaye shi ko gidansa ya fara karɓar biki. Ya ce Asabar ta ƙarshe kafin ki dawo zai zo ya gani da idonsa. In kiɗa ne, zai karɓi makullinsa ya zuba buhunan dusa a ɗakin, Khairat kuma ta zauna a gida. Da alama shi ma rabin sunan kika gaya masa.

Ki aiko mini da amsa, ba da murya ba.

Yayanki,
Zarami

*

Damagum
Talata

Yaya Zarami,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mai jego tana amsawa. Ina rubuta wannan ne ruwan wanka na kan wuta, kada ka duba rubutun da jan biro.

E, rabi na gaya masa, rabi na gaya maka. Da na faɗi duka, da shi bai ba da ɗaki ba, kai kuma ba ka karɓi makulli ba. Wata takwas na yi ina yawon neman wurin da iyaye za su yarda 'ya'yansu mata su zauna. Ɗakin nan kaɗai aka yarda da shi, saboda Ya Kaka, mahaifiyar Alhaji, tana wuni a zaure tana ganin mai shiga da mai fita. In ya karɓe, shirin ya mutu. Wasu daga cikin yaran nan ba su taɓa buɗe baki a aji ba sai da suka riƙe cokali.

Kuma kada ka yi mini fuskar babban malami. Na tuna ranar da Baba ya zane ka saboda ka jera kwanukan Inna a tsakar gida kana kiɗa da muciya. Ina ƙarama amma na gani.

Abin yi mai sauƙi ne. Ku daidaita kwalaben, ka sa wa kowace alama daidai inda ruwa ya tsaya, yara su haddace waƙar da suka tsara, su kuma iya faɗin dalili. In ya ji dalili zai sauko.

Ka lallaɓa Ya Kaka. Tana son goro fari.

Ƙanwarka,
Falmata

*

Unguwar Bolewa, Potiskum
Lahadi

Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Batun kwanukan Inna, ludayi ne ba muciya ba, kuma gwaji nake yi.

Kin ce abin mai sauƙi ne. Ga yadda sauƙin ya kasance cikin mako huɗu.

Asabar ta farko bayan takardarki muka daidaita kwalabe, na ja wa kowace layi da baƙin alƙalamin maka. Da muka dawo mako na gaba sai na same su suna ƙyalli kamar yau aka fito da su daga kamfani. Ya Kaka ta shiga shara, ta ga baƙi-baƙi a jikin abin shan ruwa, ta sa soso da toka. Ta ce mini, "Ɗan nan, yaran mutane ne, ba a ba su ruwa a cikin ƙazanta." Na yi mata godiya. Me zan ce? Goron da na kai mata yana bakinta.

Muka sake daidaitawa. Na rubuta a kwali, BA NA SHA BA NE, na jingina. Ran Laraba wasu makiyaya suka biyo ta ƙofar gidan da shanunsu za su kara, rana tana dukan su, suka yi sallama suka roƙi ruwa. Famfo bai kawo ba, mai ruwa bai zo ba. Ya Kaka ta tuna akwai ruwa a ɗakinmu. Ta uku da ta huɗu da ta shida suka tafi kasuwa a cikin bayin Allah. Da na nuna mata kwalin ta ce ita ba ta karatun boko, kuma ko da tana yi, ba ta taɓa jin ruwan da aka hana mai ƙishi ba.

Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na ɗiga bula a ruwan ya zama shuɗi, don kowa ya ga ba na sha ba ne. Ba wanda ya sha kuwa. Ya Kaka ta ɗauraye farin mayafinta da shi, ta aiko a yi mini godiya.

Sau huɗu ke nan muna daidaitawa daga farko. Ni na gaji, na koma kujera ina ba da umarni. Khairat ce ke zubawa tana ƙwanƙwasawa, sauran suna cewa ƙara, rage, ya yi. Jiya ban ƙarasa goge allo ba suka gama.

Na nemi a ba ni makullin ciki, na ƙofar da ke shiga ɗakin ta cikin gida, wanda ke hannun Ya Kaka. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, uwata zan kulle wa ɗaki a gidana?" Na janye maganar.

Saura Asabar ɗaya. Ki fara tunanin inda za ki kai 'yan mata sha huɗu.

Yayanki,
Zarami

*

Damagum
Alhamis

Yaya,

Salam. Mun karanta takardarka, Basira ta yi dariya har jaririya ta farka. Ka yi haƙuri.

Ba ni da inda zan kai su. Na tambayi wurare biyu ta waya, ɗaya ya ce sai an haɗa da maza, ɗaya ya ce nesa da gari. Ɗakin nan ne ko babu.

Ka kwashe kwalaben ka tafi da su gidanka, ka kawo ranar da safe. Ka je da wuri, kada ka matsa ko nan da can har Alhaji ya zauna. Don Allah, Yaya. Ban cika roƙonka ba.

Falmata

*

Unguwar Bolewa, Potiskum
Asabar, bayan magariba

Falmata,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta.

Na bi shawararki. Kwalabe sun kwana biyu a ɗakina kamar baƙi. Yau na kawo su, muka daidaita, muka jera, yara suka yi gwaji sau uku. Alhaji ya aiko cewa zai zo da la'asar. Da aka kira salla na ce wa yaran kada kowa ya taɓa komai, na tafi masallacin bakin titi. Kin ce kada in matsa, amma ba na jin kina nufin har da wannan.

Ashe ina fita ya iso da baƙi biyu, abokan cinikinsa daga Danchuwa, ɗayan shi ne mai maganar biki. Suna sauri kada jam'i ya wuce su. Butocin zaure babu ko ɗigo. Sauran kin sani. Ya Kaka ta shiga da buta biyu, ta juye kwalabe takwas ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata sha huɗu suna tsaye suna kallo. Daga baya na tambaye su me ya hana su magana. Suka ce, "Malam, alwala fa za a yi." A sahu ɗaya muka yi salla da shi, ruwan waƙarmu yana ɗiga daga gemunsa, ban sani ba.

Muka dawo tare, aka shimfiɗa musu tabarma. Na waiwaya na ga benci. Falmata, na taɓa tsayawa gaban sufeto ba tare da na shirya darasi ba, amma ban taɓa jin abin da na ji yau ba. Na buɗe baki zan fara jawabi a kan tarihin kimiyyar sauti, ko Allah zai kawo dabara. Alhaji ya ce, "Malam, gajarta mana."

Sai Khairat ta fita. Ta dawo da bokiti da ta aro a maƙwabta da kofin roba. Ba alama a jikin kwalba, ba kwali, ba ni. Ta zuba, ta ƙwanƙwasa, ta karkata kai, ta ƙara. Sauran suna cewa rage, ya yi. Mai maganar biki ya fara murmushi, yana kallon Alhaji. Ni kuwa ina lissafin buhun dusa nawa ɗakin zai ci.

Tana kan ta uku uban ya ce, "Tsaya. Sake buga waccan." Ta buga cikakkiyar. "Da waccan." Ta buga mai ruwa kaɗan. Ya ce, "Me ya sa wannan ta yi nauyi?" Ta ce, "Baba, ruwan ne ya yi wa kwalbar nauyi, ba ta iya karkarwa da sauri. Abin da ke karkarwa a hankali muryarsa kauri ce." Sai ya juya ga baƙinsa ya ce shekara ashirin da biyar yana dukan cikin bijimi da bayan hannu kafin ya saya, don ya gane wanda aka ba kanwa aka ɗura wa ruwa ya cika ido. Kunnensa ya sani, amma ba wanda ya taɓa gaya masa dalili. Ya dubi mai maganar biki ya ce, "Kai ma ka saurara, irin bijiminka na bara ne." Mutumin ya daina murmushi.

Suka yi waƙarsu. Ta biyar ta ɗan kauce, ni kaɗai na ji, da Khairat. Alhaji bai tafa ba, bai yaba ba. Ya tashi, ya miƙo hannu ya ce, "Malam, makulli." Na ba shi. Ya ce zan ji daga gare shi.

To ga inda muke. Yara sun tafi gida. Ya Kaka ta bi ni har titi tana tambaya ko in bar kwalaben ta wanke. Ban san abin da zan ce miki ki yi ba, sai addu'a.

Yayanki,
Zarami

*

Litinin

Zuwa ga Malam Zarami,

Assalamu alaikum, tare da girmamawa. Ni ne Alhaji Bubayaro. Khairat ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ga makullinka Gana zai kawo maka. Na karɓa ne don a yanka na biyu a ba Malama Falmata in ta dawo, tunda kai ma za ka ci gaba da zuwa. Na gaya wa iyayen yara haka. Abokina na Danchuwa, mai maganar biki, zai riƙa kawo 'ya'yansa biyu.

Na sa an ajiye randa a ƙofar ɗaki, mai ruwa zai riƙa cika ta kullum. Mai ƙishi da mai alwala su ɗiba a nan.

Makullin ciki yana nan wurin Ya Kaka. Ta ce a gaya maka bularta ta ƙare.

Wassalam,
Alhaji Bubayaro

Malam, ni ce Khairat. Ta biyar ta sake ɓata. Kada ka taɓa, zan gyara.