Gam Ɗin da Na Sa wa Madubin Zakiyya

Zuwa ga yayana Dabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal, ya ƙara maka haƙurin zaman baƙunta. Mu nan Makoda sai godiya. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu. Inna ƙafarta tana nan yadda ka sani, ta ƙi asibiti, ta ce man zafinta ya fi likita sanin ciwonta. 'Yarka Zakiyya an cire mata zaren ɗinkin ciwon hannunta, amma yatsu biyu na hannun dama ba sa lanƙwasuwa. Likita ya ce jijiya ce ta yanke, kuma bai yi mana alkawarin za ta koma riƙe allurar ɗinkin hularta ba.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka, bakina yana nauyi, shi ya sa na koma ga biro. An gaya maka madubin sif ɗin da na yi mata na aure ya ɓalle ya faɗo mata a hannu tana shara. Abin da ba a gaya maka ba shi ne maganar da ta cika gari. Ranar jere, Goggo Aina'u, ƙanwar Baba, ta tsaya gaban madubin ta ce ba ta taɓa ganin mai kyansa ba, ta manta ba ta ce tubarkalla ba. Mata suka riƙe wannan. Da ya faɗo bayan sati uku, aka ce ai kambun bakanta ne. Matar da ta goyi Zakiyya tun rasuwar uwarta, yau ita ce idan ta shiga gida ake janye yara a tura ɗaki. Sunan da aka yi makon jiya a maƙwabta ko goro ba a kai mata ba. Har Inna ta daina aika mata tuwo.

Yaya, ba bakin Goggo ba ne, aikina ne. Sif ɗin da allon nan da ake kira MDF na yi shi, wato garin katako da aka danne ya zama allo. Ko da yake yana da kyan fuska, kowane abu da gam ɗin da ke riƙe shi a jikinsa. Idan katako za ka haɗa da shi, farin gam ya isa, don dukansu suna shan ruwan gam ɗin har ya bushe. Idan fomaika za ka shimfiɗa masa, wato fallen nan mai sheƙi da ake lulluɓe fuskar katako da shi, sai gam mai warin nan. Madubi kuwa ba ya shan komai, mai warin kuma cinye bayansa yake yi ya bar tabo. Nasa daban ne, a bututu yake zuwa, kuma ko an sa shi sai an ƙara 'yan ƙarafa a kusurwa su tallafe. Duk na san wannan tun ina koyon aiki. Amma ana gobe jere na matsa bututun na tarar ya daskare, ga shi ba a samunsa sai Kano, ga mata suna aiko mini cewa mota za ta zo da hantsi. Sai na ɗauki farin gam na yaɓa, na danne, na ce Allah ya rufa asiri. Ƙarafan ma na bari, wai don kada su rage masa kyau. Sauri ya haifi nawa.

Ranar da abin ya faru ni na kwashe fasassun. Na juya babban ɓangaren na taɓa bayansa, gam ɗin tsakiya yana nan da danshi, gefe kawai ya kama. Ƙofar sif ɗin kuma ta sha laimar damina ta kumbura, ta tunkuɗo shi. Na zuba su a buhu na kai bayan gari, na dawo ina jin ana ambaton Goggo, na yi shiru. Tsoro ne, ba zan ba shi wani suna ba. Kaka na tafe, bikin aure zai yawaita, na ce wa zai ƙara kawo wa kafintan da ya nakasa 'yar wansa aiki?

Shekaranjiya Goggo ta zo rumfata da rana tsaka, ta rame har mayafi yana neman faɗuwa. Ta tsaya daga nesa, ba ta kalli ko ɗaya daga kayan da nake yi ba. Ta ce ta zo neman gafarata ne, don ta ɓata mini aiki mai kyau ta jawo wa yarinyar da ta goya ciwo, kuma wallahi ba ta san tana da wannan abu a bakinta ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na buɗe baki na ce na yafe mata.

Ran Juma'a bayan an sauko zan tara gida in faɗa, gaban Zakiyya da mijinta Naziru. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma na san mutanenmu, za su ce rufa wa Goggo asiri nake yi. Kai ne babba, maganarka Inna take ji. Ka kira ta, ka ce ka karanta da rubutun hannuna. Gafararka kuwa ba ni da idon roƙonta tukuna.

Ka gaida Khadijat da yara, Fa'izu da Fatihu. Inna da Zakiyya suna gaishe ka. Goggo ma ta ce in gaishe ka. Na tambaye ta ko in sa da yaran, ta ce a'a, in bar sunansu, gara kada su fito daga bakinta.

Ƙaninka,
Tasi'u