Waƙoƙin Golmo Suna Ɓacewa a Bakin Mama

Anti Sa'adiya, don girman Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ni malamar firamare ce a nan Zuru. 'Ya'yana huɗu, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Maigidana soja ne, tun bara aka tura su Darfur, sai wasiƙa jefi-jefi. Kin ga ke nan ni ce uwa ni ce uba. Mahaifiyata ma tana wurina tun da ciwon ƙafa ya hana ta noma, kuma a kanta maganar take.

Mama ta iya waƙoƙin golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata a al'adarmu. Shekara bakwai babana ya yi yana noma dominta. Ta riƙe waƙoƙin gonar nan kaf, har da zambon da 'yan mata ke yi wa rago. Sa'o'inta duk sun mutu. Na yi wa kaina alkawarin rubuta su da yarenmu C'lela da Hausa saboda 'ya'yana, girman bariki, ko gaisuwa da yarenmu sai a hankali.

Shekara biyu ke nan da na sayi littafi mai bangon kwali. Shafi uku na cika, Anti, uku! In tashi ga ɗibar ruwa, ga koko, ga makaranta. In dawo ga tuwo, ga wanki, ga takardun ɗalibai, ga zumuntar mata a coci. Ran da na samu sarari sai in shimfiɗa tabarma, in zaunar da Mama, in ɗauko biro. Sai ta yi gum, wai ita ba a gaban alƙali take ba. Amma bari ta zauna ɓarar gyaɗa, waƙa kamar an kunna rediyo, ni kuwa lokacin hannuna yana cikin kumfa ko a kan muciya.

Makon jiya ta ɗauko waƙar da ta yi wa babana ranar da ya gama golmo. Ta kai tsakiya ta tsaya, ta zuba mini ido in ɗora mata. Ban iya ba. Tun ina yarinya nake jin waƙar nan, ban riƙe ba. Na shiga ɗaki na yi kuka har ɗiyata Dinah ta tsorata. Jiya kuma Mama ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu. Haushin kaina nake ji, wani lokaci har da haushin yaran, Allah ya yafe mini. Ko dai in haƙura, rubutu ba na mai goyo ba ne?

Maman Dinah, Zuru

Maman Dinah, sannu da fama. Haushin yaran nan gajiya ce kawai, kada ki ɗora wa kanki laifinsa.

Amma bari in faɗa miki gaskiya: sararin da kike jira ba zai zo ba, mai 'ya'ya huɗu ba ta gama aiki. Ita ma Mama tana da gaskiyarta. Waƙar gona ce, a bakin aiki ta koye ta, a bakin aiki take fitowa. Ki daina zaunar da ita.

Ki ɗaure fensir da 'yan takardu da zare, ki rataye kusa da murhu. Tana farawa ki goge hannu a zane ki rubuta ko layi biyu ne, tuwon ya yi gudaji in ya ga dama. Kullum ki yi haka. In akwai rediyo mai kaset a gidan, ki gaya mata, ki danna ya ɗauki muryarta, ki ci gaba da aikinki. Ran Lahadi bayan an taso coci yara su ci ɗumame, ke kuma ki kwafe abin da kika tara cikin littafin. Mantuwar nan ma kada a bar ta a gida, ki kai Mama wurin likita ya duba ta.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Wasu waƙoƙin sun riga sun tafi, kuma ba duka za ki samu ba. Ki yi kukansu, amma kada kukan ya cinye lokacin waɗanda suka rage. Yau Mama tana magana. Watan gobe kuwa, ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ki fara da girkin yau.

Allah ya ba Mama lafiya, ya dawo miki da maigida cikin aminci, ya ƙarfafa hannunki.

Anti Sa'adiya