Baba Ya Rushe Ɗakinsa

Zuwa ga Yaya Sani a Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya iyali, yaya jikin Yaya Hadiza? Mu nan Ketare lafiya lau, sai abin da bakina ya jawo.

Da ka zo salla ka ce kamfanin da kake shugabanta yana gina wa na'ura mai ƙwaƙwalwa ɗakuna masu sanyi, don ba ta son zafi. To kwanaki na iske Baba yana fifita da hula, sai na ce, "Baba, yi haƙuri, Yaya ya ce kai ne na gaba, injiniyoyinsa na hanya." Wallahi wasa nake.

Washegari ya kira maƙwabta suka rushe ɗakinsa, wai kada a ɓata wa ma'aikatanka lokaci. Yanzu a zaure yake kwana, ga hadari kullum, ga tarinsa ya dawo. Na kawo magini, ya kore shi: "Ɗana na gina wa ƙarfe ɗaki, ni in koma na laka?"

Sau uku ina durƙusawa ina faɗa masa gaskiya. Ya ce hassada nake maka.

Yaya, na rasa yadda zan yi. Ka zo, ko ka turo wani mai hular kwano irin ta injiniyoyi ya auna wurin, ko da na laka za a gina. Ka sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka. Ni kam ta daina yi mini magana.

Ƙanenka,
Habu