Sunan da ke Wuyan Koriyar Kwat

Ƙanwata Beryl,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon gida. Yaya ƙafar taki, yaya Dennis da jikoki, yaya sanyin Kanada? Ni ina nan ina lallaɓawa da sanda. Hannuna na rawa, ki yi haƙuri da rubutun.

Za a rufe makarantar 'yan mata ta kan tudu. Ɗalibai sun yi kaɗan, an sayar da ginin. Kin tuna akwatin gilashin da ke zaure, inda aka jera kayan makarantar tun zamanin 'yan'uwan nan biyu da suka kafa ta a falon mahaifinsu? Doguwar riga ruwan ƙasa, malafa mai kirtani, sai koriyar kwat da aka koma sawa bayan yaƙi. Koriyar nan ta 'yata Rosalind ce. Bayan mun binne yarinyar, uwarta Muriel ta kasa ganin kwat ɗin a rataye, ta kai musu.

Kowace shekara, ranar da ake buɗe wa baƙi ƙofa, nakan je in tsaya gabanta. Akwai tabon tawada a aljihu da faci a gwiwar hannu. In na dube su sai in ga Rosalind ta kifa kai tana rubutu. Tun rasuwar Muriel ba ni da wanda zan ambaci sunanta a gabansa.

Ranar Asabar za a mayar wa kowa kayansa. Zan je in ɗauko 'yata.

Yayanki,
Aubrey

Ƙanwata Beryl,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai da sauƙi. Na je.

Zauren cike yake da tsofaffin ɗalibai masu furfura, ana shan shayi ana ihun ganin juna. Shugabar makarantar ta ce a bi ƙa'idarsu ta tun asali: wadda aka ɗinka sunanta a wuyan riga, ita ce mai riga. Ta juya wuyan koriyar, har na fara miƙewa, sai ta karanta, "Glenys Tarrant."

Wata ƙatuwar mata ta daka tsalle. Da ta gan ni riƙe da hannun kwat ɗin ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, ai ba za ta shige ka ba! Ni ma da nake mai ita hannuna ɗaya ne zai shiga."

Na ce, "Ta 'yata ce."

Ta ce, "A ɗakin tsofaffin rigunan da makaranta ke ba marasa hali na samo ta, babana ɗan dakon gawayi ne, ina muka ga sabuwa? Na sa ta har na gama. Ga tawadar da na zubar ranar jarrabawa, har yau ina jin faɗan da na sha. Facin nan kuwa aikin mamata ne."

Ashe da Muriel ta kai musu, ba cikin gilashi aka fara sa ta ba, Beryl. Duk shekarun nan tawadar 'yar wasu nake wa kuka.

Matar ta ga fuskata, dariyar ta ɗauke. Ta ciro ɗan almakashi a jaka ta warware sunanta. A ƙarƙashi ga ƙyalle mai sunan Rosalind da jan zaren Muriel: R. Lathom. Ta ce, "Wayyo Baba. Tafi da ita, don Allah." Na ƙi. Me zan yi da ita? Na ce ta cire mini sunan kawai. Na tambaye ta ko ta san Rosalind. Ta ce a'a, ita dai ta san wani abu na sosa mata ƙeya.

Ga ƙyallen nan a gabana, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Jiya na rufe ido don in ga yarinyar tana rubutu, sai ga fuskar Glenys.

Ke kaɗai kika rage da kika taɓa ɗaukarta. Ki rubuto mini duk abin da kika tuna, ko yadda take dariya, ko abin da ba ta ci. Wanda kika tabbatar nata ne kawai. Ki yi da manyan baƙaƙe, kuma kada ki jira bazara.

Yayanki mai ƙaunarki,
Aubrey