Famfon ya daina gurnani

Laraba da dare, Batsari

Alhamdu lillahi, yau na yi maganin kwamfutar nan da na harhaɗa da hannuna, wadda ruwa ke sanyaya ta. Sati guda famfonta yana gurnani, har Baba ya ce muddin ƙarar ta sake fitowa a karatun da nake naɗa masa don ɗalibai, to ta bar zauren. Na canza ruwa, na fitar da iska, duk a banza. Ashe famfon ne ke kaɗa teburin! Na yanko roba daga tsohuwar tayar babur, na shimfiɗa masa.

Bayan la'asar Baba ya zauna, ya kasa kunne, ya ce, "Madalla, gara da ka kashe ta."

Na ce, "Baba, ai a kunne take."