Kada a Ƙara Aiko da Maganin Ɓera

Landan, Nuwamba 1999

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yaya mutanen Gyadi-Gyadi? Ni lafiya lau nake. Sanyi ne dai, shi ma ba ya kisa.

Inna, ƙullin da kika ba Malam Sagir ya iso, na gode da kilishi. Amma maganin ɓeran nan saura kaɗan ya sa a kore ni, domin a gaban farfesanmu na kwance ƙullin. Ɓerayen da na ce ina fama da su, ai su ne karatun nawa. Tsirara suke, ba gashi, haƙora a waje. Sarauniya ɗaya ce ke haihuwa, tana tunkuɗe kowa. Ku sojoji sun sakar muku mulki, su kuwa ɓerayen ba ranar zaɓe. Suna haura shekara ashirin ba alamar tsufa, shi ya sa Turawa ke lallaɓa su.

Ɗakinsu ɗumi kamar Kano, nawa kamar cikin randa. Dankalin Hausa ake ba su, idan sun rage ba na bari ya lalace.

Ki aiko mini da bargo. Idan kina yi mini addu'a ki haɗa da su, domin ranar da suka mutu gida zan dawo.

Ɗanki,
Nafi'u