Hai Tebur a Jirgin Yashi

Mahuta, Kaduna
Litinin, 6 ga Disamba, 1999

Zuwa ga mijina Ayuba, Baban Debby,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kuma murar da ruwan kogi ya sa maka ta yi sauƙi. Yaya surukata Mama da ciwon gwiwarta? Ban tambayi lafiyar siyasa ba, na san ita ko ciwon kai ba ta yi. Ni da Debby muna nan gidan yayata Celina. Muna ci, muna sha, ba mu rasa komai ba sai abin da ka karya.

Na zaɓi takarda ne domin in na tsaya gabanka na san abin da zan ji. Za ka haɗa hannuwa ka ce Madam a yi haƙuri za a duba lamarin, kamar na zo ƙorafin kwalbati. Tun da soja suka koma bariki aka rantsar da kai kansila, bakinka ya manta yadda ake magana da mutanen gida. To, takarda ba a katse ta.

Bari in tuna maka farkon abin, tunda yanzu kana da masu tuna maka komai ban da wannan. Lokacin kamfen yarinyar nan takan yi barci a kujera tana jiranka. Ranar da ta yi kuka, ka ɗora hannu a kanta ka ce in an gama zaɓe, ranar da za ta cika shekara takwas, za ka sa ta a jirgi a Kogin Kaduna, wanda ba ta taɓa gani ba sai ta tagar bas a kan gada. Ni malama ce, na san yadda yara ke riƙe magana. Ba littafin Debby da ba ta zana jirgi a bangonsa ba, kuma kowane jirgi mutum biyu ne a ciki, babba da ƙarama.

Na ce mu ɗauki kwale-kwale, mu da ƙawarta Chisom da yaran ajinsu kaɗan. Ka ce 'yar kansila ba za ta shiga abin masunta ba. Ka yi hayar babban jirgin 'yan yashi mai inji, aka wanke shi, aka shafa fenti, aka kafa rumfa. Ba zan ɓoye ba, da na gan shi ranar Asabar na ji daɗi. Yara suka shiga suna tsalle, Debby a tsakiya da farar rigarta. Sai na hangi tebur a goshin jirgin, da farin mayafi da furen roba, da kek ɗin da na kwana biyu ina fama da shi a tandar Celina. Na tambayi abokinka Nicholas, wanda tun da ka ci zaɓe ya zama inuwarka, me tebur ke yi a jirgi. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce Madam ai ba a taro ba hai tebur.

Daga nan ya ɗauki lasifika ya fara kiran manya, kowa da sarautarsa da digirinsa da ƙasashen da ya je. Ciyaman, mataimakin Ciyaman, shugaban jam'iyya na mazaɓa, shugabar mata, Cif Okechukwu mai kayan gyaran mota na Kakuri a matsayin uban taro, da wasu da ko sunan Debby ba su sani ba. Duk wanda aka kira sai an samar masa wuri, wurin kuwa na yaro ne. Aka riƙa sauke yara wai za a yi sawu na biyu. Ina gaɓa na ba jirgin baya ina zuba wa waɗanda aka sauke shinkafa don kada su yi kuka, sai na ji inji ya tashi. Na juya, ga Debby tsaye a gefena. Nicholas ya sauke ta, wai mai bazde ta zauna da baƙinta. Kai kuwa kana ɗaga mana hannu, irin ɗagawar da kake yi daga saman mota.

Ko Nuhu da ya cika jirgi da dabbobi bai bar 'ya'yansa a gaɓa ba, Ayuba.

Lasifikar tana da ƙarfi, ba abin da ya wuce mu. Mun ji Cif ya yanka kek a madadin 'yarmu abar ƙauna. Mun ji kun yi wa kujerar da ba kowa a kanta waƙar bazde. Debby tana ta murza gefen rigarta.

Sauran ka fi ni saninsa, amma daga gaɓa ya fi kyan gani. Duk kun taru a goshi, domin ba mai muƙamin da zai yarda a gan shi nesa da tebur. Ƙarshen jirgi ya ɗaga sama, farfelar inji tana yankan iska, hanci ya kafe a tudun yashi. Mai jirgi yana roƙo wasu su koma baya, kowa yana kallon na kusa da shi, domin wanda ya fara komawa ya yarda shi ne ƙarami. Haka kuka yi ta girmama juna har ruwa ya fara shiga. Sai ga manyan mazaɓa suna dirowa, ruwa iya cinya, takalma a ka, babbar riga tana bin su kamar taru. Wanda ya hau jirgin kwaɗayi ai ka san tashar da yake sauka.

Yara suka yi ta dariya har suna faɗuwa. Ni ma na kusa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Debby ta san ba ka iya ruwa ba, kai ka gaya mata. Ta ƙwalla ihu tana kiran Baba, ta auka cikin kogi da rigarta, da ƙyar na cafko ta ruwa na kai mata ƙirji. Da ka fito tana miƙo maka hannu tana rawar sanyi, sai ka wuce ta. Ka wuce ta, Baban Debby, ka tafi ba Ciyaman haƙuri don ruwa ya tafi da hularsa.

Wannan ne ya kawo ni Mahuta. Maganin Mama yana cikin kwabar ɗakina, a ba ta bayan abinci.

Matarka,
Judith


Mahuta, Kaduna
Alhamis, 16 ga Disamba, 1999

Baban Debby,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kai da Mama kuna lafiya. Na ji labarin jikinka ya warware har kana buɗe rijiyar burtsatse a Unguwar Boro. Na gode wa Allah, don na ɗauka ƙafafunka ne suka tauye.

'Yan bikonka sun iso jiya. Na ga Nicholas da mata biyu na jam'iyya sanye da ankon da ke ɗauke da fuskarka, ɗaya a ƙirji, ɗaya a inda ake zama. Sun kawo mini atamfa, sun kawo akwatin lemo, da keke, da kek da ya ninka nawa girma. Nicholas ya sa aka fito da Debby tsakar gida, ya gyara murya, ya ce yana magana ne a madadin Honarabul, wanda wasu muhimman ayyukan al'umma suka hana shi halarta. Ya yi wa yarinya 'yar shekara takwas jawabi har da ribar dimokuraɗiyya a ciki. Matan suka tafa. Celina tana tsintar wake a bakin kicin, ta ɗago ta tambaye shi ko ranar da aka haifi Debby ma wakili ka aiko, domin ita ta tuna wani ma'aikacin masaƙa da ya zo asibiti a guje da auduga a gashinsa yana kuka kamar shi ya yi naƙudar. Nicholas ya ce zai isar da saƙon. Ina fatan ya isar.

Wannan ma'aikacin masaƙar na aura. In ka san inda yake, ka gaya masa muna cigiya.

Na karanta tarihi daidai gwargwado, na koyar da shi shekara da shekaru. Na san sarakuna suna aika jakadu a ƙulla sulhu, a raba iyaka, har a ɗaura aure. Ban taɓa karanta inda aka aika wani ya sha wa mara lafiya magani ba.

Keken yana jingine inda suka ajiye shi, Debby ko ledar ba ta cire ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Bayan sun tafi, ina tsefe mata kai, ta tambaye ni a hankali ko fushi kake yi da ita. Wai ko don ta yi ihu gaban manya ta ba ka kunya, ta kuma jiƙa sabuwar riga, shi ya sa ba ka zo ba. Ta ce in gaya maka ba za ta sake ba. Ka ji? Ita ke neman gafara. Sai da na ajiye matajin na fita bayan gida, don kada ta ga fuskata. Da kana kusa a wannan lokacin, ban san abin da hannuna zai aikata ba, Allah ya yafe mini.

Ga abin da na yanke. Na shirya da wani mai kwale-kwale a mashigar 'yan yashi, inda kuka yi abin kunyarku. Jibi Asabar da safe, da ƙarfe tara, zan sa 'yata a kan ruwa ko da kai ko ba kai. Ni, da Debby, da Chisom, sai wuri ɗaya. Wurin nan ba ya ɗaukar wakili, ba ya ɗaukar lasifika. In jirgi ya dawo, wurin da na bar maka babu kowa a kansa, daga nan sai Zonkwa gidan iyayena, kuma ba Kirsimeti kaɗai za mu yi a can ba. Makaranta ba ta ƙare a Kaduna ba. Ka san ni, ba na faɗin magana sau biyu.

A gaida Mama. Ka gaya mata gaskiya in ta tambaya, domin in ni ta tambaya ba zan rage komai ba.

Har yanzu dai matarka,
Judith


Mahuta, Kaduna
Lahadi, 19 ga Disamba, 1999

Ayuba,

Ina gaishe ka da hutun Lahadi, da fatan ka tashi lafiya, kuma bayanka bai riƙe ba saboda aikin jiya. Mun dawo daga coci, Debby tana waje tana faɗuwa da kekenta, Celina tana yi mata alƙalanci.

Akwai abin da ba ka gani ba daga gaɓa, kuma ba na so ka tafi da tunanin cewa ni na tausaya maka.

Tara ta yi, ta wuce. Debby tana ta kallon hanya, mai jirgi yana kallona. Na ce mu tafi. Ta shiga ba musu, ta zauna kusa da wurin da ba kowa, ta ɗora jakarta a kai. Mun kai tsakiyar ruwa, Chisom tana ihu tana nuna tsuntsaye, ni kuwa ina lissafa kayan da zan haɗa zuwa Zonkwa, sai na hango ɗan acaɓa ya tsaya a kan tudu, wani ya diro ba hula, ba babbar riga, yana gudu yana zamewa a yashi. Ka tsaya daidai inda Debby ta tsaya ranar nan. Na lura hannun ma ba ka iya ɗagawa ba.

Zuciyata ta yi fari, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ce wa mai jirgi ya ci gaba, kada ya kuskura ya waiwaya. Na ce a bar shi ya ɗanɗana, ya tsaya ya ga jirgi yana tafiya da nasa, jiki magayi. Debby ta ce a juya. Na ce mata ai ya makara, kuma doka doka ce. Sai ta dube ni da idanun nan naka ta ce Mama, tsayuwa a wurin can ba daɗi, ni na sani. Ta ce kuma ai bikinta ne, ita ce uwar taro. Mai jirgi ya ce shi dai a duniya bai taɓa ƙin umarnin uwar taro ba, ya karkata filafili.

Da ni ce da ban juya ba. Ka rubuta wannan ka ajiye.

Na ga ba ka jira jirgi ya iso ba, ka shigo ruwan da kake tsoro da wandonka da takalmanka. Na ji abin da ka faɗa wa Debby, ko da yake ka yi ƙasa da murya, kuma ban ji kalmar madadi a ciki ba. Ka ce ka baro taron Ciyaman a tsakiya. Ban san ko gaskiya ne ba, zan ji a bakin matar Nicholas. Abin da na gani da idona shi ne uwar taro ta ɗauke jakarta, amma ta ce wurin na Chisom ne ta miƙe ƙafa, ta tura Honarabul can ƙarshen jirgi, ta ba shi ƙwarya ya yi ta kwashe ruwa har muka je muka dawo. Ban taɓa ganin muƙamin da ya dace da kai kamar wannan ba.

Kada ka ɗauka na huce. Wutar tana nan, toka ce kawai a sama. Za mu dawo gida Romi ranar Talata domin Debby ta ce gadon Celina yana da tauri, kuma tana so Mama ta ga kekenta. Ka zo ka ɗauke mu da kanka. In na ga Nicholas a motar, ko a but ne, ka juya.

Debby ta roƙi mai jirgi ya bar mata ƙwaryar nan, ta wanke ta, ta rubuta sunanka a gindinta da jan biro, Baba, ba Honarabul ba. Ta ce kyautarka ce. Ni kuma na ce a teburin ofishinka za ta zauna, a gaba, inda kake ajiye furen roba. Duk wanda ya tambaye ka mece ce wannan, kai za ka ba shi amsa.

Matarka,
Judith